Yadda Za Ki Buga Littafin Girkinki Ki Kuma Sayar da Shi a Zangon Accra

Ranar da na fara zama gaban Mma da biro da takarda, na tambaye ta yawan kanwar da take sa wa miyar ayoyo. Ta tsinci 'yar kanwa da yatsu biyu ta nuna mini, ta ce, "Kamar haka." Na ce, "Mma, kamar hakan nawa ke nan?" Ta dube ni ta ce, "Ke dai idonki zai gaya miki." Gaskiya ta faɗa, don ita shekara arba'in tana tuƙa tuwon zafi a Nima. Amma yarinyar da aka kai ɗakin miji jiya a Madina, ko wadda aka haifa a Bronx ta Amurka, idonta bai san komai ba tukuna, kuma ita ce za ta sayi littafin. Aikin mai rubuta littafin girki shi ne ta ɗauko abin da ke cikin ido da hannun iyayenmu ta zuba shi a takarda yadda baƙuwar murhu za ta bi ta dafa. Duk sauran matakan da zan kawo, daga maɗaba'a har kasuwa, a kan wannan suke zaune.

Fara da sanin wa kike yi wa

Kada ki ce littafin na kowa ne. Ki zaɓi mutum ɗaya ki sa ta a gabanki: sabuwar amarya, ko 'yar zango da ke ƙasar waje tana kewar koko da kose, ko maƙwabciya Bagaa ko Ba'ashantiya da ke sayen waakye kullum tana so ta iya da kanta. Wannan zaɓin ne zai yanke miki maganar harshe, wadda a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce. Hausa ba ta cikin harsunan Gana da ake koyarwa a makarantun gwamnati, shi ya sa da yawa daga cikinmu muna jin ta kamar ruwan sha amma idan aka miƙo mana ita a rubuce sai mu riƙa haɗa baƙi da ƙyar. Shawarata ita ce ki yi harshe biyu: Hausa a shafin dama, Turanci a na hagu, ko ki rubuta bayanin da Turanci mai sauƙi ki bar sunayen abinci da kayan miya da labarin kowane girki da Hausa. Harshe biyu yana ƙara shafuka, shafuka suna ƙara kuɗi, to ki rage yawan girkin. Girki 35 ko 40 da aka gwada sun fi 100 da aka tattaro daga baki.

Ki rubuta Hausar da muke yi a nan, kada ki ji nauyinta. Sai dai a ƙarshen littafin ki ware shafi biyu na ma'anar kalmomi, saboda mai karatu daga Kano ko Zinder: abin da muke kira kose su ƙosai suke cewa, sobolo shi ne zoɓo, ayoyo shi ne lalo, cicinga kuwa tsire. Waakye ma da duk Gana ke tinƙaho da shi, sunansa daga "shinkafa da wake" ya fito. Irin wannan bayanin yana sa mutum ya riƙe littafi ko bai shiga kicin ba.

Neman izini

Idan girkin na gidanku ne, ki sa sunan mai shi da yardarta. Idan na wata Hajiya ce da ke sayar da abinci a bakin titi, ki je ki durƙusa ki gaishe ta, ki faɗa mata a fili cewa littafi za ki buga kuma sayarwa za ki yi. Haɗin shitonta shi ne jarinta, da shi take biyan kuɗin makarantar jikoki. Wata za ta ce miki, "'Yata, wannan dai bar mini shi." Ki bar mata. Wata kuma za ta ji daɗin a ce sunanta ya shiga takarda. Kowace kika ɗauki nata, idan littafi ya fito ki kai mata kwafi da hannunki tare da ɗan abin goro.

Awo da gwaji

Nan ne za ki fi daɗewa, kuma nan ne littattafai da yawa ke lalacewa. Ki sayi ƙaramin sikeli na kicin mai lamba, da cokulan awo. Babban cokalin awo mililita 15 ne, ƙarami 5. Ki tsaya kusa da mai girkin, duk abin da ta ɗebo, kafin ya shiga tukunya ki tare hannunta ki auna ki rubuta. Za ta gaji da ke, ki ba ta haƙuri. Ki yi haka sau uku a ranaku daban, domin hannu ba ya ɗebo daidai kullum, sai ki ɗauki tsaka-tsaki.

Kada ki watsar da awonmu na kasuwa. Matar da za ta shiga kasuwar Nima ranar Laraba da olonka da gwangwanin bota da na madara za a auna mata, ba da giram ba. Amma olonka ba ta da nauyi ɗaya: ta gero daban, ta gari daban, ta wake daban, kuma wata mai awon tana tozo wata tana shafewa. To ki rubuta duka biyun, kamar "wake gwangwanin bota 2, a shafe" sannan nauyin da sikelinki ya nuna. A farkon littafin ki sa hoton gwangwanayen da kika yi awo da su, a san wanne kike nufi.

Lokaci ma haka. Minti 20 a kan gas ba minti 20 ba ne a kan kurfoti. Ki ba da mintin, amma ki haɗa shi da alamar da ido ko hanci ko yatsa zai gane. Dubi bambancin waɗannan biyun. Na farko: "A dafa wake da karan dafi, a zuba shinkafa." Na biyu: "Ki wanke karan dafi ki sa a tukunya tare da waken da 'yar kanwa. Ki bar shi yana tafasa har ruwan ya yi ja sosai, waken kuma in kin matsa shi da yatsa ya ba da kai amma bai fashe ba. Sai ki tsame karan, ki zuba wankakkiyar shinkafa, ki rage wuta." Na biyun ne girki. Na farkon tunatarwa ce ga wadda ta riga ta iya.

Kowane girki ki tsara shi iri ɗaya: suna, mutum nawa zai ci, kayan haɗi bisa jerin da za su shiga tukunya, sannan matakai, kowane mataki aiki ɗaya. Abin da ke buƙatar kwana, kamar jiƙa geron koko ko barin ƙullun masa ya tashi, ki faɗe shi tun a layin farko, kada mace ta kai tsakiya da baƙi a falo sannan ta tarar da "a bar shi ya kwana."

Daga nan sai gwaji. Ki nemi mata biyar ko shida, a ciki har da wadda ba ta iya girkin sam ba. Ki ba su takardar da kuɗin cefane, ki koma gefe, kada ki buɗe baki. Duk inda ta ɗago kai ta tambaye ki wani abu, rubutunki ne ya gaza a wurin, ki sa alama. Ni a gwajin tubani na gano ban faɗi kaurin ƙullun ba ko kaɗan, don a kaina abu ne sananne. Yarinyar ta dama shi ruwa-ruwa ya tsiyaye daga ganyen. Da littafin ya fita haka, da gidaje da yawa sun yi asarar gari suna kiran sunana. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: kada ki rubuta cewa wani abinci yana warkar da ciwon suga ko hawan jini. Ki tsaya a kan girki. Idan kuma kina da niyyar ƙulla yaji ko shito a kwalba ki riƙa sayarwa tare da littafin, wannan sai da rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA.

Hoto

Wayar hannu mai kyau ta isa idan kin san haske. Ki ɗauka da safe kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, ki kashe fitilar ɗaki da ta waya. Tuwo fari ne, a farin faranti ɓacewa yake. Ki sa shi a akushi ko baƙin kasko, miyar a gefe tana sheƙi. Fura ta fi kyau a ƙwarya da ludayinta, waakye kuma a ganyensa. Ki ɗauki hannun Mma tana tuƙi, da kwandon dawadawa a kasuwa. Irin waɗannan ne ke sa 'yan waje ƙwalla. In fuskar mutum za ta fito, ki nemi yardarsa. Hoton intanet kuwa na wani ne, kada ki taɓa.

Idan za ki aika wa mai tsara shafi hotuna ta WhatsApp, ki aika su a matsayin fayil, don idan kika tura su a matsayin hoto manhajar tana matse su, a waya su yi kyau, a takarda su dushe. Maɗaba'a tana son hoto mai ƙarfin 300 dpi.

Tsara shafi, da baƙaƙenmu masu lanƙwasa

Ki ɗauki mai tsara shafi wanda ya taɓa yin littafi, ba katin biki kaɗai ba, ki ce ya nuna miki aikinsa a takarda. Girman A5, wato milimita 148 da 210, shi ne mafi sauƙin kuɗi kuma yana shiga jaka. Rubutun ya zama manya-manya, don a tsaye ake karanta shi, cikin tururi. Kowane girki ya ƙare a shafinsa ko a shafin da ke kallonsa, kada mai hannu da ƙullu ta riƙa juya takarda.

Ga abin da ya ci mini kuɗi. Na ba wata maɗaba'a aikina, suka canza salon rubutun zuwa wanda ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Duk inda suke sai ɗan akwati ya fito a gurbinsu, "ƙullu" da "ɗanwake" suka zama abin da ba ya karantuwa. Ma'aikacin ba ya jin Hausa, bai ga laifin komai ba. Maganin wannan shi ne a yi amfani da salon da ke ɗauke da baƙaƙen, kamar Charis SIL ko Andika ko Noto, duk kyauta ake sauke su, sannan a miƙa wa maɗaba'a aikin a PDF wanda salon ke manne a cikinsa. A kuma mayar da launin hotuna zuwa CMYK, a bar rarar milimita 3 a gefuna saboda yanka. Ko ba ki fahimci waɗannan duka ba, ki faɗe su, mai tsarawa ya san abin da kike nufi.

Masu duba kuskure su zama biyu: ɗaya mai ƙa'idar rubutu, ɗaya mai girki wadda lambobi kawai za ta bi. "Cokali 1" da ya koma "cokali 7" na gishiri ba malamin Hausa ne zai kama shi ba.

Lambar ISBN da haƙƙin mallaka

Wannan ba shi da wahala. A Gana, Hukumar Ɗakunan Karatu ta ƙasa ce ke ba da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ta ɗakin karatu na George Padmore da ke nan Accra. Lamba ce mai alƙaluma 13, ana biyan kuɗi, kuma littafin takarda da na waya kowanne da tasa. Manyan shagunan littafi suna neman ta. Bayan bugu, doka ta wajabta ki kai wa hukumar kwafin ajiya. Game da haƙƙin mallaka, dokar 2005, wadda ake kira Act 690, tana kare rubutunki da hotunanki muddin ranki da shekara 70 bayan rasuwa, kuma za ki iya yin rajista a Ofishin Haƙƙin Mallaka don ki riƙe shaida. Amma dokar ba ta kare dabara ko hanyar yin abu ba. Ba wanda zai mallaki yadda ake dama koko. Kalmominki da hotunanki su ne naki. Mai hoto da mai tsara shafi kuwa, ku rubuta a takarda cewa aikin da kika biya naki ne, kuma za su ba ki ainihin fayilolin.

Maɗaba'a da lissafi

Accra New Town cike take da masu buga takardu, taku kaɗan daga Nima. 'Yan Kumasi kuma su nufi Asafo. Ki shiga wuri uku aƙalla da takarda ɗaya a hannunki mai ɗauke da girman littafi, yawan shafi, shafi nawa ne masu launi, irin takarda, irin ɗinki da yawan kwafi, don farashin da za su ba ki ya gwadu da juna. Ki sa yawan shafukan ya rabu da 16, ko aƙalla da 8, saboda a manyan falle ake bugawa a naɗe. Launi ne ke cin kuɗi, don haka wasu ke tara hotuna a tsakiya a kan takarda mai sheƙi ta giram 130 ko 150, sauran shafukan baƙi da fari a kan ta giram 80. Bango ya zama mai kauri, a lulluɓe shi da leda, domin manja da ruwa za su same shi. Ɗinkin waya mai zagaye yana barin littafi ya kwanta a buɗe kusa da murhu. Na gam ya fi kyan gani a kantar shago da cikin kayan amarya. Ni na gam na zaɓa saboda kyauta, amma masu girkin gaske sun fi yaba na waya.

Takarda daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala, saboda haka ki tambayi kwana nawa farashin da aka ba ki zai tsaya. Kada ki biya duka a gaba: rabi kafin aiki, rabi bayan kin ƙirga kin duba. Kuma ko za a yi me, sai an buga miki kwafi ɗaya na gwaji kin karanta shi daga bango zuwa bango kin sa hannu.

Bugun inji mai faranti yana arha ne idan kwafin ya yi yawa, na dijital kuma ya fi tsada a kowane kwafi amma yana barin ki buga 50 ko 100. Mai maɗaba'a zai ce miki, "Hajiya, ki buga 1,000 ya fi miki sauƙi." Lissafinsa daidai ne, sai dai littafin da ke kwance ƙarƙashin gado, damshin damina na cin sa, ba shi da arha. Ki fara kaɗan.

Ga misalin lissafi, ki cire lambobina ki sa naki. A ce cefanen gwaji, hoto, tsarawa da ISBN sun ci sidi 6,000, bugun kwafi 300 kuma ya kama sidi 40 kowanne, wato 12,000. Jimla 18,000. Ki cire kwafi 30 na kyauta da ajiya da waɗanda za su lalace, saura 270, kowanne ya tsaya miki a kusan sidi 67. In kin sa farashi 120, wanda kika sayar hannu da hannu ya bar miki 53. In shago ya ɗauki kashi 30 cikin 100, saura miki 17 kacal. Kin ga sai kin sayar da 150 da kanki kafin uwar kuɗi ta dawo, kin kuma ga inda ya kamata ƙarfinki ya tafi.

Kasuwa

Talla tana farawa tun kina gwaji. Ki riƙa sa gajeren bidiyo a WhatsApp da Facebook da TikTok: hannu na buga ƙullun kose, mai na ƙara, muryarki da Hausar zango tana bayani. Wata biyu kafin bugu ki buɗe karɓar kuɗin masu so tun da wuri, da ɗan rangwame, ta MoMo. Ki ware lamba daban don littafin, da littafin rubutu mai suna da unguwa da ranar biya. Yawan waɗanda suka biya, ba waɗanda suka ce "in sha Allah zan saya" ba, shi zai gaya miki kwafi nawa za ki buga. Kuɗin nan amana ne. Ranar da kika yi alkawari ki cika, in an samu jinkiri ki kira su da kanki.

Lokacin fitarwa mafi kyau a ganina shi ne watan Sha'aban, lokacin da kowace mace ke tunanin kayan buɗa-baki, musamman in kina da babi na lamurji, kunu, masa da pinkaso. Na biyu shi ne lokacin da bukukuwan aure suka yi yawa. A nan ne babbar kasuwarki take: littafin ya shiga cikin kayan amarya. Ki je wurin magajiyoyin ƙungiyoyin mata da uwayen adashi, ki ba kowace kwafi, ku yi magana a kan abin da za ta samu a duk wanda ta sayar. Masu sayar da kwanuka da tukwanen aure da masu ɗinkin yayi su ma ki ajiye musu biyar-biyar.

Ƙaddamarwa ba sai a otal ba. Rumfa da kujeru a unguwa sun isa. Ki gayyaci malami ya buɗe da addu'a, da sarkin unguwa, da wani mai hali ya shugabanci taron, don al'adar Gana ce a sayi kwafin farko da tsada a irin wannan zama, kuma sau da yawa daga nan ake rage nauyin kuɗin bugu. Ki dafa abu uku daga cikin littafin a raba a ƙananan kwanuka, kowanne da lambar shafinsa a jiki. Gani ya kori ji, ɗanɗano kuma ya kori su duka. Ki nemi shiga shirin mata a Marhaba FM a nan Accra ko Zuria FM a Kumasi, ki je da abincin a hannu. Baje kolin littattafai na ƙasa da ƙasa da ƙungiyar masu buga littafi ta Gana ke shiryawa a Accra ma wurin zuwa ne. In kuɗin rumfa ya yi yawa ku haɗu ku uku.

Aikawa cikin gari mai babur ne. Kumasi da Tamale kuwa a ba motocin VIP ko STC saƙo, a naɗe cikin leda, mai saye ya biya kuɗin mota. Na 'yan'uwa da ke Bronx, Landan da Hambog, hanya mafi sauƙi har yanzu ita ce jakar matafiyi: kwafi goma ga amintacciya ɗaya da za ta sayar a taron suna. Akwai kuma KDP na Amazon, inda ba a buga littafi sai an saya, amma ki fara duba jerin harsunan da suke karɓa da yadda kuɗin zai iso hannunki a Gana, ki kuma san bugun launi a can yana cinye riba.

Littafin da ake karantawa a waya kuma, ki yi hattara. PDF ɗin da kika sayar wa mutum ɗaya da safe, kafin la'asar ya zaga rukunin WhatsApp goma. Abin da na yi shi ne na ware girki biyar na sake su kyauta, da lambar wayata a ƙasan kowane shafi, na bar su su yi yawo. Cikakken littafin ban sa shi a Selar ba, wato shafin intanet da ake sayar da irin waɗannan fayiloli, sai da bugun farko ya ƙare.

Duk inda kika ajiye littafi a sayar miki, shago ne ko gidan ƙawa, a rubuta kwafi nawa, nawa ne rabon kowa, yaushe za ki dawo, ku sa hannu ku biyu. Ki riƙa zagayawa ƙarshen kowane wata. Sannan ki ware kwafi ɗaya ki rataye shi a kicin da jan biro a jikinsa. Duk wadda ta kira ta ce tuwonta ya yi gudaji ko masarta ta ƙi tashi, ki tambaye ta a wane layi ta tsaya, ki yi alama a nan take. Idan kwalin ƙarshe ya rage kamar kwafi 40, ki ɗauki wannan mai jan biron ki kai wa mai tsara shafi ya shigar da gyare-gyaren, ki sake neman farashi a wuri uku kafin ki ba da bugu na biyu.